Hurumi da Haƙƙin 'Yan Baya: Tarke a kan Babin Matacciyar Ƙasa da Ra'ayin Bai wa Daji Haƙƙi

Manufar wannan maƙala ita ce a auna wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a tsakanin masana shari'a na duniya daga 1972 zuwa yau, watau cewa gulbi ko daji yana iya zama mai haƙƙi a gaban kotu, a yi ƙara da sunansa, har a biya shi diyya. Za a gwada wannan ra'ayi ne da abin da malaman ƙasar nan suka bari a rubuce game da ƙasar da ba ta da mai ita, musamman littafin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (ya rasu a 1829) mai suna Ta'alimur Radi fi Asbabil Ikhtisasi bi Mawatil Aradi. An zaɓi ƙasar Tambuwal da Kebbe ta zama wurin gwaji saboda dalili biyu. Tambuwal maƙwabciyar Gwandu ce, inda marubucin ya zauna, kuma Muhammadu Buhari ɗan Shehu, watau ɗan wansa, shi ya zauna garin har zuriyarsa suka gaji sarautar. Saboda haka ba baƙon littafi muke kai musu ba. Sa'an nan yankin ya haɗa ƙasa iri biyu waɗanda fiƙihu ya bambanta hukuncinsu: tsofaffin garuruwa da gonaki suka kewaye, da kuma dajin kudu, wajen Kebbe da Kuchi, ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa kafin ya isa Jega.

Asalin ra'ayin

Wani malamin shari'a na Amurka, Christopher Stone, shi ya fara tsara maganar a 1972, lokacin da wata ƙungiya ta kai ƙara don hana gina wurin shaƙatawa a wani kwari na Kalifoniya, aka ce mata ba ita aka cuta ba, don haka ba ta da bakin magana. Stone ya ce to, a bar kwarin ya yi ƙara da kansa, a naɗa masa waliyyi kamar yadda ake naɗa wa maraya. Kotun ƙoli ba ta karɓa ba, ko da yake alƙali Douglas ya goyi bayansa. Bayan shekara 36 ƙasar Ekwado ta sa haƙƙin halittu cikin tsarin mulkinta na 2008. Kotun tsarin mulki ta Kolambiya ta ba kogin Atrato haƙƙi a 2016, majalisar Niyu Zilan ta mai da kogin Wanganuwi mutum a idon doka a watan Maris na 2017, Yuganda kuwa ta shigar da maganar cikin dokar muhalli ta 2019. Ta ɓangaren waɗanda ba a haifa ba, shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Oposa a ƙasar Filifin, 1993, inda kotu ta yarda wasu yara su yi ƙara a kan sare dazuzzuka, a madadin kansu da waɗanda za su zo bayansu.

Ba duka ne suka yi albarka ba. A watan Maris na 2017 wata babbar kotu a Indiya ta ce kogin Ganga da na Yamuna mutane ne a shari'a, kafin watan Yuli ya fita kotun ƙoli ta dakatar da hukuncin, domin gwamnatin jihar ta tambaya: idan kogin ya yi ambaliya ya ci gidaje, wa za a kama? Wanganuwi ya tsira daga wannan tambaya saboda dokarsa ta ambaci wakilai biyu, ɗaya daga gwamnati ɗaya daga ƙabilun Mawori na bakin kogin, ta kuma ware kuɗin kula da shi. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, za mu komo kansa.

Matsalar kalma

Wanda duk ya taɓa ƙoƙarin fassara wannan ra'ayi da Hausa ya san inda gizo ke saƙa. Mawori sun ɗauki kogin nan kakansu ne, don haka da doka ta kira shi mutum, abin da suka daɗe suna faɗa ta maimaita. Bahaushe ma ya taɓa ganin itace da ruwa a matsayin masu rai da fushi: tsamiya da kuka da gurbin ruwa mai zurfi mazaunin iskoki ne, ba a sara, ba a su, sai an nemi izini. Amma wannan shi ne ainihin abin da masu jihadi suka yaƙa, Shehu kansa ya yi rubutu a kan masu yanka ga itatuwa da duwatsu. Saboda haka wanda ya tsaya a Tambuwal, garin ɗan Shehu, ya ce wa jama'a gulbi mutum ne, ba shari'a za su ji ba, tsafi za su ji. A ganina wannan ƙofa a rufe take, kuma masu kiran a farfaɗo da "hikimar gargajiya" don kare muhalli ba su cika faɗa mana wace gargajiyar suke nufi ba.

Akwai kuma kalmomi biyu da Hausa ta aro daga tushe ɗaya na Larabci, haƙƙi da alhaki. Haƙƙi ana nemansa a gaban alƙali. Alhaki kuwa ɗauka ake yi, sakayyarsa tana wurin Allah. Bahaushe yana cewa wane ya ɗauki alhakin jaki, idan ya yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, amma da wuya a ji ya ce an ɗauki alhakin gawo ko na fadama. Harshen ya kai iyakar mai jini ya tsaya. Abin da ra'ayin Stone ke bukata daga Hausa shi ne tsalle biyu a lokaci guda, daga dabba zuwa daji, sa'an nan daga alhaki zuwa haƙƙi.

Abin da babin ya ƙunsa

Sunan littafin Malam Abdullahi ya riga ya faɗi jigonsa: dalilan da ke sa a keɓanta da matacciyar ƙasa. Babi ne sananne a fiƙihun Malikiyya, kuma duk ɗalibin da ya kai Mukhtasar na Shehu Halilu, madogarar alƙalan ƙasar nan, ya san hanyoyin guda huɗu ne: rayawa, da harimi, da yankan da shugaba ke yi wa mutum, da kuma hima, watau keɓe wuri don amfanin jama'a. Daga harimi Hausa ta sami kalmar hurumi.

A 'yan shekarun nan an sha ɗaga wannan babi a tarurruka ana cewa ga shaida, magabata sun riga Turawa sanin haƙƙin muhalli. Lalle akwai abin alfahari a ciki, amma wanda ya karanta shi da idon basira dole ya fara cin karo da kalmar farko. Dajin da ba a taɓa ba, mai cike da namun jeji da zuma da itacen magani, shi babin ke kira matacce. Ta yaya ake raya shi? Mukhtasar ya lissafa: a tono ruwa, ko a janye ruwan da ya rufe wuri, a yi gini, a dasa itace, a yi huɗa, a fasa duwatsu a daidaita ƙasa, ko a sare itatuwan wurin. Watau sara yana daga cikin abin da ake kira rayawa, kuma shi ke ba mutum mallaka. Kiwo kuwa bai zama rayawa ba, haka ma haƙa rijiyar shayar da dabbobi. Makiyayin da ya shekara arba'in yana bin wani daji na ƙasar Kebbe bai mallaki taki ɗaya ba, manomin da ya shigo da gatari bana ya mallaka. Duk wanda ke neman tushen rigimar burtali da makiyaya, ya dubi wannan wuri.

Ba zargi nake yi wa marubucin ba. Ya yi rubutu ne a zamanin da daji ya fi mutane yawa, daular kuma tana bukatar a kafa ribaɗi, a zaunar da jama'a, a cika rumbu. Sunan garin Dogon Daji, a kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, ya isa shaida kan yadda ƙasar take a idon waɗanda suka raɗa shi, alhali matafiyin yau gonaki ya fi gani. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko hukuncin da aka gina kan yalwa a ce shi zai yi maganin ƙaranci ba tare da an sake dubansa ba.

Aibi na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Malikiyya sun raba ƙasa kusa da nesa. Wadda ke kusa da gari ba a raya ta sai da izinin shugaba, ta nesa kuwa kowa ya ga dama ya shiga. Hurumin gari shi ne wurin itacen girki da makiyaya, iyakarsa kuwa inda mutum zai je da safe ya komo gida a yinin. Ma'auni ne na ƙafa da jaki. Da shi bayan garin Tambuwal ko Sanyinna yana da kariya, amma tsakiyar daji, inda manyan itatuwa suke, ba shi da kowa. Yau da babbar mota ke shiga ta ɗauko itace da buhunan gawayi ta kai birni kafin la'asar, ina kusa, ina nesa? Hima ce ya kamata ta toshe wannan kafa, sai dai an ɗaure ta da sharuɗɗa: shugaba kaɗai ke yin ta, sai da bukata, wurin ya zama kaɗan wanda ba zai ƙuntata wa mutane ba. An yi hakan ne don kada a koma halin Jahiliyya, inda mai ƙarfi ke killace makiyaya don garkensa, kuma Muwaɗɗa ta kawo yadda Sayyidina Umar ya umurci mai tsaron hima ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya tare garken attajirai. Adalci ne tsakanin talaka da mai hali na zamani ɗaya. Ba a yi ta don dajin kansa ba.

Wuri ɗaya ne babin ya leƙa inda Stone ya tsaya. Da aka zo hurumin itaciyar dabino, sai aka ce iyakarsa shi ne abin da ke da maslaha gare ta, hurumin rijiya kuma abin da ba zai cuci ruwanta ba, ba zai kuma matsa wa masu zuwa sha ba. An auna filin ne da bukatar itaciyar, masana itace ake tambaya. Amma kada mu yi azarɓaɓi, dabinon nan yana da mai shi, kuma shi zai je gaban alƙali. Kukar da ta tsiro don kanta a dajin Allah ba ta shiga wannan lissafi ba.

Rabon wanda bai zo ba

Inda fiƙihun nan ya yi zarra, har ya wuce abin da shari'ar Oposa ta kai, shi ne wajen 'yan baya. (Abin lura ga masu nazarin harshe: Hausa tana kiran waɗanda suka shuɗe magabata, waɗanda za su zo kuma na baya. Jikokinmu a ƙeyarmu suke, inda ido ba ya kai wa.) Kowane alƙali a Tambuwal ya san idan mutum ya mutu ya bar mata da ciki, ba a raba gado sai ta haihu. Magada masu baki da ƙarfi suna zaune suna jira saboda wanda ko suna ba shi da shi. Malikiyya sun kuma inganta hubusi ga wanda za a haifa nan gaba, sun inganta wasiyya ga masallaci, a kashe dukiyar wajen maslaharsa. Ga shi nan, mai karɓar dukiya wanda ba ya magana, ba kuma wanda ya ce masallaci yana da kurwa ko aljani. Abin da ake yi kawai shi ne a naɗa masa naziri, alƙali kuma ya sa wa nazirin ido, in ya ci amana a tuɓe shi.

Babbar hujja ita ce ta ƙasar Sawadu a Iraƙi. Da aka ci ta da yaƙi, wasu sahabbai, cikinsu har da Bilal, suka nemi a raba musu ita kamar sauran ganima. Sayyidina Umar ya ƙi, hujjarsa kuwa ita ce in an raba, me za a bar wa Musulmin da za su zo daga baya? Daga nan Malikiyya suka ɗauki cewa ƙasar noma da aka ci da ƙarfi tana zama wakafi ga jama'a, shugaba ba ya yanka wa wani ita a matsayin mallaka, sai dai amfani. Al'adar Hausa ta dace da wannan, domin gonar da aka bari ta daɗe saura takan koma hannun gari, ta huta, ta yi kurmi, wani ya sake nema.

To ashe ba mu rasa mazubin da za a zuba ra'ayin nan a ciki ba, sai dai ba mazubin mutum ba ne, na hubusi ne. Bambancin ba ƙarami ba ne. Mai cewa gulbi mutum ne yana ƙara wa gulbi matsayi. Mai cewa hubusi ne yana rage wa mutanen yau iko, yana ce musu 'ya'yan itacen naku ne, gindin ba naku ba ne. Na biyun ya fi sauƙin shiga kunnen Basakkwace, kuma yana amsa tambayar da ta kayar da hukuncin Indiya, don kowa ya san ba a kama masallaci, nazirinsa ake tuhuma.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wani abu da ke ƙarfafa wannan. Muddin itacen gona yana hannun ma'aikatan gandun daji, manomi na ganin tsiron gawo abin jawo tara ne, sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Daga wajen 1983, da aka fara koya wa manoman Maraɗi renon tohon kututture, hukuma kuma ta sassauta har manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, sai ƙasa ta sake yin duhu, har masu bincike suka ƙiyasta kadada miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram da kewayensu. Ba a ba gawo haƙƙi ba, mai tsaya masa aka samar masa.

Kotu ba ta da hurumi

Kalmar amana ba ta taɓa ɓacewa daga dokokin ƙasa na Arewa ba, mai riƙon ne ke sauyawa. Bayan cin Sakkwato a 1903 Turawa suka ce abin da ke hannun Sarkin Musulmi ya dawo hannunsu, dokar 1910 ta sa ƙasa duka ƙarƙashin Gwamna don amfanin 'yan ƙasa, dokar 1962 ta Jihar Arewa ta gaje ta, aka ƙara da dokar makiyaya ta 1965. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna don amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon yanka wa mutum har kadada 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Takardar mallaka yawanci shekara 99 take ɗauka, watau ɗa da jika da tattaɓa-kunne an yanke musu hukunci ba su nan. Siffar wakafin Umar ce aka riƙe, aka yar da abin da ke sa wakafi ya tsaya, watau alƙalin da ke iya kiran naziri ya yi bayani.

Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun jeji. Amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta shi kai tsaye. A nan harshe ya yi mana wani abin dariya mai ciwo. Kalmar hurumi, wadda a da take nufin filin bayan gari da ba a nomawa, yau an fi jin ta a rediyo da ma'anar ikon kotu. Don haka in mutanen wani ƙauye na Kebbe suka kai kukan an cinye musu hurumi, suka dogara da sashe na 20 kaɗai, amsar da za su fara ji ita ce kotu ba ta da hurumi. An ɗan sami sauƙi a 2018, da kotun ƙoli ta yarda wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi ƙarar kamfanin mai na ƙasa a kan malalar mai, ko da ba ita abin ya shafa kai tsaye ba, ta kuma haɗa sashen da haƙƙin rayuwa da yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka. Hukunci ne mai nauyi, amma a kan ƙoramun kudu aka yi shi, kuma ƙungiya mai lauyoyi ta yi ƙarar.

Kada a zaci maganar 'yan baya tatsuniyar malamai ce. Gabas da Kebbe, a ƙasar Anka da Bukkuyum, gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a 2010, waɗanda suka rayu kuma da yawansu sun tashi da lahani a ƙwaƙwalwa. Dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978 ya rage ambaliyar da fadamun ƙasa da shi suka dogara da ita, bayan ran manoman da aka rasa a rikicin 1980. A duka biyun, waɗanda suka fi biya ba su cikin masu shawara.

Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da wakafi, saboda haka hanyar gwadawa tana nan: a auna hurumin gari ko mashaya ko wani yanki na fadamar Gulbin Zamfara, a rubuta shi hubusi ga mutanen wurin da zuriyarsu, a naɗa naziri daga cikinsu, manomi da makiyayi da sarkin ruwa, wanda zai iya kai ƙara kuma a iya kai shi. Sai dai akwai ƙulli biyu da masana fiƙihu da lauyoyi za su kwance tukuna. Hubusi yana bukatar mai bayarwa ya mallaki abin da ya bayar, alhali bisa dokar 1978 abin da kowa ke riƙe da shi izinin zama ne kawai. Malikiyya sun yarda a yi hubusin amfani, ko da na haya ne, amma yana ƙarewa ran da wa'adin ya cika. Sa'an nan sashe na 28 na dokar ya bar wa gwamna ikon soke izinin zama saboda bukatar jama'a, kuma shi ne ke fara faɗin abin da bukatar take.